Kwana Bakwai A Kan Bahar Rum

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka, in ba 'yan'uwana akawuna da malamai labarin yawon da muka yi ni da mai ɗakina a kan Bahar Rum cikin watan Mayu na 2024. Tun da muka komo Zabi mutanen Samaru da Sabon Gari ba su bar tambayarmu ba, baki kuwa ba ya kai inda takarda ta ke kaiwa.

Wana da ke aiki a ƙasar Sifen, wadda malamai suka sani da Andalus, shi ya gayyace mu, ya kuma ɗauki mafi yawan kuɗin. A Barsalona muka shiga jirgin ruwa. Shi wannan jirgi na shan iska ne. Tsawonsa ya zarce yadi 300, bene bisa bene, da ɗakunan kwana da na cin abinci, da likita, da kantuna. Al'adarsa ya yi tafiya da dare, gari na wayewa ya tsaya a wata tasha, mutane su sauka su ga gari, su komo kafin magariba. Wanda ya makara ba a jiransa ko ɗan wane ne, sai ya bi jirgi zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa.

A Napoli ta ƙasar Italiya aka ɗauke mu a mota zuwa kufan Pompeii. Dutsen da ke kusa da garin, Vesuvius, shi ya yi aman wuta a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, toka ta binne gari da mutanensa, ba a soma tono shi ba sai 1748. Mun taka titunansa, mun ga inda ƙafafun keken doki suka cinye dutse, ga duwatsun niƙa a gidan mai burodi kamar jiya aka bar su. Wanda ya taɓa zuwa kufan Turunku ya san yadda zuciya ta ke yin sanyi a irin wurin nan.

Daga nan sai tsibirin Malta, inda littafin Ayyukan Manzanni ya ce jirgin Bulus ya fashe. Larabawa suka ci shi a 870, Ingilishi suka mulke shi daga baya, ya sami 'yancin kai a 1964, watau shekara huɗu bayan Nijeriya. Mutanen Kirista ne, amma harshensu daga Larabci ya fito. Ubangiji su kan ce Alla, azuminsu kuwa Randan. Mai ɗakina, da ya ke ta yi karatun allo, ta ji mai kifi yana ƙirga kuɗi a kasuwa, ta gane ƙirgarsa sarai.

Inda ya fi daɗa mana rai shi ne Tunis. Daga tashar jirgi muka yi tafiyar kamar mil 100 zuwa Ƙairawan, birnin da Ukuba ɗan Nafi'u ya kafa a 670. Can ne Ibn Abi Zaidi, mai littafin Risala, ya zauna har ya rasu a 996, kabarinsa yana cikin birnin. Littafin nan da a ke karantawa a zaurukan birnin Zazzau, ashe daga nan ya taso ya ƙetare Sahara a bayan raƙumi.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kudu da hanyarmu, tsakanin Malta da Tunisiya, akwai wani ɗan tsibiri na Italiya, Lampedusa. Ran 3 ga Oktoba 2013 wani jirgi da ya taso daga Libiya cike da 'yan Afirka ya nutse dab da shi, mutum fiye da 360 suka halaka. Samarinmu suna bin Kano, Damagaram, Agadas, har Tarabulus, a cusa su cikin kwalekwalen roba da dare, a ce musu Turai ga ta nan kusa. Ni na ga ruwan nan da idona. A jirgi mai girman unguwa, ran da iska ta taso, sai da muka riƙa dafa bango, mai ɗakina ta wuni kwance don jiri. Ina kwalekwalen roba zai kai?

Sabo da haka ina roƙon malaman makaranta da limamai su riƙa faɗa wa yara gaskiyar tekun nan. Ganin duniya ilmi ne, amma a nemi fasfo da izinin shiga, a bi ta ƙofa. In ba su samu ba a yi haƙuri, gama da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Zabi, Sabon Garin Zariya.