Karatun da Ba Shi da Suna a Gidajenmu

Akwai wani fannin ilimi da ake koyarwa a wasu jami'o'in ƙasar nan, wanda har yau ba mu ji an raɗa masa sunan Hausa da ya zauna a bakin mutane ba. A takardun jami'a ana rubuta shi da sunan injiniyancin metalaji da matiriyal, sunan da ko mu malamai sai mun gyara zama kafin mu furta shi. Don sauƙin magana, a wannan ɗan rubutu za mu kira shi kimiyyar kayan ƙira, wato sanin halin ƙarfe da yumɓu da gilashi da roba da siminti: me ke cikinsu, me ke sa su ƙarfi, me ke sa su karye, kuma yaya ake fitar da su daga dutse da ƙasa har su zama abin amfani. Mun ɗauki alƙalami a kansa ne domin mun shekara da shekaru muna koyar da kimiyya a makarantar sakandare a nan Tsafe, kuma mun lura cewa yana cikin karatun da ƙasar Zamfara ta fi buƙata, shi ne kuma wanda yaranmu suka fi gudu.

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya kama, amsar yaran ajin kimiyya ba ta wuce huɗu ko biyar: likita, haɗa magunguna, aikin jinya, injiniyan gini, injiniyan lantarki. Ba mu ga laifinsu ba. Sun ga likita da farar riga a asibiti, sun ga injiniya da hular kwano a bakin titi, amma ba su taɓa ganin mutumin da aka nuna musu aka ce wannan masanin ƙarfe ne ba. Saboda haka ɗan abin da ke shiga wannan fanni daga wajenmu, galibi ba da son ransu suke shiga ba. Sun nemi wani sashe ne, maki bai kai ba ko gurbi ya cika, sai jami'a ta tura su can. Za ka ji yaro yana cewa, "An jefa ni," kamar wanda aka yanke wa hukunci.

Haka ta faru da wani ɗalibinmu, ɗan gidan maƙera, wanda ya nemi injiniyancin lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, aka ba shi wannan sashe. Mahaifinsa ya tako har makaranta da takardar a aljihu, ya ce, "Malam, ku da kuka san boko, wane irin aiki ne wannan da aka ba yaron nan?" Muka yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe muka ce, "Baba, a taƙaice dai sanin ƙarfe za a koya masa." Dattijon ya yi dariya har da riƙe gemu, ya ce, "Ashe ƙira ce! Shekara biyar a Zariya don a koyi abin da ke ƙofar gidansu?"

Wannan tambaya ta dattijo ta cancanci amsa, domin akwai gaskiya a cikinta. Sanin ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A Taruga, kusa da Abuja, masu binciken tarihi sun tono matoyan narka tama da suka haura shekara 2,000. Tarihin Kano ya nuna cewa tamar Dutsen Dala ce ta jawo maƙeran farko suka zauna a gindinsa. Dattawan maƙera har yanzu suna ba da labarin zamanin da ake haƙo tama a narka ta da gawayi, kafin sifirin ɗin mota da sauran tarkacen ƙarfe su wadata a daina wahala. Maginan gargajiya sun san makuba tana kare katanga daga ruwan sama, marina sun san laso yana hana rijiyar rini yoyo, mai ginin tukwane ta san yumɓun da zai jure wuta da wanda zai tsage. Duk wannan kimiyyar kayan ƙira ce, sai dai a hannu take da ido, ba a takarda ba.

To me jami'a ke ƙarawa? Bari mu ɗauki gatari. Maƙeri ya san idan ƙarfe ya yi ja zuwa wani launi, aka tsoma shi a ruwa, zai yi tauri. Ya kuma san idan aka bar shi haka, ranar da ya haɗu da icen ƙirya bakinsa zai ɓalle, don haka yakan sake ɗan gasa shi. Ɗalibin wannan fanni zai koyi dalili. Ƙarfen da muke ƙira da shi baƙin ƙarfe ne gauraye da ɗan sinadarin gawayi, wanda ba ya wuce kashi 2 cikin 100. Idan zafi ya haura 727 a ma'aunin Salshiyas, tsarin ƙwayoyin ƙarfen yakan fara sauyawa, sinadarin ya narke a cikinsu. Idan aka sanyaya shi farat ɗaya, sinadarin ba ya samun damar fita, sai ya maƙale, ƙarfen ya yi tauri amma ya zama mai saurin karyewa. Gashi na biyu shi ke sassauta shi. Da wannan sani ne mutum zai iya yin gatari dubu goma, dukkansu hali ɗaya, ya kuma iya auna rodin da za a zuba a gada ya ce wannan zai ɗauka, wannan ba zai ɗauka ba. Da yaron nan ya zo hutu a shekararsa ta uku ya yi wa mahaifinsa wannan bayani, dattijon ya gamu da mu a masallaci ya ce, "Malam, ni na san launi, shi ya san lamba." Ba mu taɓa jin an fayyace bambancin maƙera da jami'a a taƙaice kamar haka ba.

Ga mai son ya bi wannan hanya, ga yadda take. Sai ya sami kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da fizik da kemistiri, kuma waɗannan huɗun ne zai rubuta a JAMB. Wanda bai samu kai tsaye ba yana iya bi ta makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, ko ya yi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Ƙauran Namoda, ya nemi shiga daga aji biyu idan fanninsa ya dace. Ban da Zariya, ana koyar da fannin a Minna da Akure da Ile-Ife da Legas da Owerri. Zariya dai ita ce ta kusa da mu: motar da ta tashi daga Tsafe ta bi ta 'Yankara da Funtuwa da Giwa, a ƙofar jami'ar take wucewa a Samaru.

Karatun shekara biyar ne. Shekarar farko lissafi ce da fizik da kemistiri. A ta biyu ana haɗa ɗaliban injiniyanci wuri ɗaya, su koyi zanen injiniya da aikin hannu a wurin sassaƙa da walda. Daga ta uku ake shiga gonar sosai: yadda ake niƙa dutse a tace ma'adini, yadda ake narkawa a zuba a cikin mazubi, yadda tsatsa ke cin ƙarfe da yadda ake hana ta, halin yumɓu da gilashi da roba. Ana goge guntun ƙarfe har ya yi sheƙi kamar madubi, a ɗiga masa sinadari, a duba ƙwayoyinsa da madubin ƙara girma. A shekara ta huɗu ɗalibi kan yi wata shida a masana'anta yana koyon aiki, a ta biyar kuma ya yi bincikensa na kammalawa. Bayan nan sai bautar ƙasa, sai kuma neman rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN.

Mai karatu zai iya cewa, to me ya sa malam ya dage a kan wannan fanni? Amsarmu tana cikin abin da ya faru a 2010. A shekarar ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Sanadin shi ne dutsen zinaren da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gida a daka a turmi, ko a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin da bai kai Bagega ba sai 2013. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a Jihar Neja. Abin da ke ci mana rai shi ne, ɗalibin aji uku a wannan fanni ya san a auna dutse kafin a niƙa shi, ya san niƙa da ruwa yana kashe ƙura, ya san hayaƙin zaibar da ake kama zinare da ita guba ne ga mai ƙonawa da na kusa da shi. Wannan sani yana cikin littattafai a Samaru, mutanen da ke buƙatarsa kuma suna nan cikin jiharmu. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Tamu ta fi ta kaza muni, domin damin namu har da guba a ciki.

Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda matsalar tsaro, ta kuma ɗage hanin a ƙarshen 2024. Ke nan za a ci gaba da haƙa. Tambayar ita ce, wa zai auna, wa zai tace, wa zai zauna a kujerar da ake yanke farashi? Idan ba mu da namu masana, to rabon 'ya'yanmu shi ne diga da shebur da shaƙar ƙura, ilimin da ribar kuwa su tafi da baƙi.

Ba za mu ɓoye wa yaranmu gaskiya ba, wannan digiri ba ya zuwa da takardar ɗaukar aiki a manne. An buɗe irin waɗannan sassa ne da fatan ƙasar nan za ta zama mai sarrafa ƙarfe. An ƙulla yarjejeniyar gina masana'antar Ajaokuta da Tarayyar Sobiyet a 1979, zuwa 1994 aka ce aiki ya kai kashi 98 cikin 100, amma babbar matoyarta ba ta taɓa narka tama ba. Masana'antun mulmula ƙarfe na Katsina da Jos da Osogbo, da ta Aladja da aka shirya ta riƙa ba su ɗanyen ƙarfe, ba su cika burin da aka kafa su dominsa ba. Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba. Kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato yana buƙatar wanda ya san dutsen farar ƙasa da bulon da ke jure wuta. Bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, kowace walda a jikinsa sai an duba ta. A 2024 an buɗe masana'antar sarrafa litiyam, ma'adinin da ake batirin waya da shi, a Jihar Nasarawa. Ko a kasuwanninmu, masu zuba tukwanen alminiyam suna narka kowane irin tarkace, kuma idan da dalma a ciki tana iya bin miya ta shiga cikin mutane. Mai digirin da bai raina maƙera ba zai sami abin yi a nan.

Hanyar kuma tana da ƙaya tun daga tushe. Akwai makarantun da yaro zai gama aji shida bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ranar jarrabawa, akwai inda malamin fizik ɗaya ke ɗauke da dukan azuzuwa. A watan Satumba na 2021 an rufe makarantun jihar nan gaba ɗaya saboda satar ɗalibai. Wanda ya tsallake ya shiga jami'a, ya tarar da yajin aikin malamai, kamar na 2022 da ya ci wata takwas. Ga kuɗin makaranta, ko da yake tun 2024 an fara ba ɗalibai rance daga asusun gwamnati. Ga fargabar hanya duk lokacin da hutu ya ƙare. Mu da iyakarmu difloma ta koyarwa, ba mu taka matakin digiri ba, mun san nauyin abin da muke ɗora wa yaro idan muka ce ya tafi. Muna faɗa masa ne duk da haka, domin mun ga abin da rashin masana ya jawo mana.

A nan ne muke da roƙo ga 'yan'uwa marubuta. Yaranmu, musamman 'yan mata, suna karanta littattafanku fiye da yadda suke karanta namu na aji. A cikinsu saurayi likita ne ko lauya ko ɗan babban attajiri, maƙeri kuwa sai dai a wuce ta ƙofarsa. Abin da yaro bai ji sunansa ba, ba zai yi mafarkinsa ba. Me zai hana wani ya rubuta mana labarin yarinya 'yar Bunguɗu da ta tafi Samaru ta koyo sanin dutse, ta dawo ta hana a niƙa guba a tsakar gidansu? Me zai hana masana harshe a cikinku su zauna da maƙera da magina da malaman jami'a, su tattara kalmomin da muke da su, tama da dalma da kuza da tutiya da zaiba da jan ƙarfe, su ƙera waɗanda babu? Idan sunan da muka ba fannin a nan bai yi ba, a kawo wanda ya fi shi, mu dai a samu wanda uwa za ta iya faɗa wa maƙwabciyarta ba tare da ta yi in'ina ba.

Ku kuma ɗalibai, idan takarda ta fito aka ba ku wannan sashe, kada ku ce an jefa ku. Ku tambayi me ake koyarwa a ciki kafin ku nemi canji, ku riƙe lissafi da kemistiri da kyau tun daga aji huɗu, idan kuma kun zo hutu ku zauna a maƙera ku ga abin da littafi ya faɗa yana faruwa a gaban idonku. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya sa arzikin da ke ƙarƙashinta ya zama alheri ga 'ya'yanta, amin.