Tafiya Yawuri Sayar da Jirgin Baffa

Da aka zauna rabon gadon Baffa, komai ya rabu cikin sauƙi sai jirginsa na su. 'Ya'yansa duka mata ne, kuma babu mai sha'awar ruwa a cikin mazajensu. Malamin da ya yi rabon ya ce a sayar a raba kuɗin, dangi kuma suka ɗora mini wannan aiki.

Na tashi daga Sakkwato bayan sallar asuba, cikin sanyin hunturu. Muka ratsa Tambuwal da Aliero, inda buhunan albasa suke jibge a bakin titi, muka karya kumallo a Jega, muka wuce Koko. La'asar ta same mu a Yelwan Yawuri. Tun kafin a hango Kwara, ƙamshin kifin banda ya riga ya tare mu.

Gwaggo, matar Baffa, ta sa aka raka ni bakin ruwa da safe. Lokacin baƙin ruwa ne, wato cikar da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ba ta isowa nan sai damina ta daɗe da wucewa. Jirgin yana kife a kan tudu, nesa da inda ruwa ya kai. Ƙasansa sassaƙar maɗaci ce guda ɗaya, daga baya aka ɗaga gefensa da katako. Irinsa ya yi wuya yanzu, domin manyan itatuwan da za a sassaƙa sun ƙare a yankin, sai jiragen katako da ƙusa. Baffa Basarke ne gaba da baya. Yana saurayi aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa, har da tsohuwar Busa, aka tayar da mutane fiye da 40,000. Sarkawa suka koyi su a tafki bayan sun saba da kogi. Da wannan jirgi Baffa ya yi shekaru yana zuba kalli da mamari, yana kamo giwan ruwa da ƙarfasa da kurungu, da shi ya aurar da 'ya'yansa.

Na kirawo wani tsohon kafintan jirgi ya duba. Ya bi shi da ƙotar gatari yana ƙwanƙwasawa, yana kasa kunne. Inda itace ke da rai sai ya yi ƙara garau, inda ya ruɓe sai ya amsa a dushe. Ya cusa wuƙa a wajen goshi, ta shige ba gardama. Ya ce, "Ɗana, ƙasan nan zai ƙara shekaru. Amma katako uku na hagu sun mutu, ƙusoshi sun yi tsatsa, goshi kuma sai an sake shi. A toshe tsaga da auduga, a bi da kwalta. In an yi haka, zai ɗauki masunci da yaransa biyu da komarsu. Kada ya wuce nan." Injin kuwa, ƙaramin Yamaha ne da ya daɗe a ɗakin Gwaggo, ko tari ba ya yi.

Labari ya bazu, dillali ya kawo mai saye na farko. Mutum ne mai fara'a, ya taya da daraja tun kafin ya gama zagaya jirgin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bai tambayi ruɓar ba, tsawo da faɗi kawai yake aunawa da taku. Da na tambaye shi wane su yake yi, sai ya ce shi fito zai yi da shi ranakun kasuwa, a shafa fenti, a ɗaura babban inji, a jera benci. Dillali ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka sallama. In ya bar hannunka, ina ruwanka?"

Da ruwana. Duk wanda ya san wannan yanki bai manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgi ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zai nufi Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150, ya dare a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai kaɗan ne ƙwarai. A ƙarƙashin tafkin nan har yau akwai kututturan itatuwan da ruwa ya binne, kuma ruɓaɓɓen katako ba ya jure karo da su, balle an danƙara masa mata da yara da buhuna da babura. Fenti yana rufe ruɓa daga idon fasinja, mai jirgi kuma ya san abin da ya rufe. Addini ya wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, na kuwa bayyana. Amma a ganina wannan bai wadatar ba idan mai sayen ya faɗa da bakinsa cewa rayukan mutane zai ɗora a kai. Na ce masa albarka.

Na koma na gaya wa Gwaggo, domin kuɗin marayu ne, ba nawa ni kaɗai ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baffanku bai taɓa ɗaukar fasinja a jirgin nan ba. Kada a fara bayan ransa."

Wanda ya saya a ƙarshe wani matashi ne daga cikin Gungawa, mutanen tsibiran yankin, wanda ya daɗe yana su da jirgin haya, mai jirgi yana kwashe rabonsa daga kowane kamu. Tayinsa bai kai na farko ba. Muka je gaban Sarkin Ruwa, kafinta ya sake lissafa aibobin ɗaya bayan ɗaya a gaban shaidu, aka rubuta cewa sai an gyara kafin ya taɓa ruwa, kuma na su ne kawai. Injin aka sayar wa wani makanike daban, don ya ciri kayan gyara. Dillali ya karɓi la'adarsa yana ƙunƙuni.

Masu tsofaffin jirage a Yawuri da Wara da Malale, ku tambayi mai saye abin da zai yi da jirgin kafin ku sallama. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA da sarakunan ruwa kuma su riƙa duba katakon jiragen fito tun a tudu, kafin a shafa musu fenti.