Littafi Yana Kanta, Saniya Tana Ruga

Sababbin littattafai suna ta fitowa game da lafiyar dabbobi da dabarun kiwo a ƙasashe masu zafi. Malaman Kwalejin Aikin Gona ta garin Lafiya da ɗalibansu sukan yi murna da su, domin a ciki akwai bayanin sammore, da ciwon huhu, da kirci, da yadda ake auna magani bisa nauyin dabba. To, amma galibinsu da Turanci aka rubuta, kuma makiyayin da ke rugagen Awe ko Doma bai san ma an buga su ba.

Ƙasar Lafiya kuwa ta ba da nata ilmin ga waɗannan littattafai. Daga shekarar 1979, tun tana cikin Jihar Filato, aka soma wani aiki mai suna BICOT don yaƙi da ƙudan tsando, watau mai yaɗa sammore. A Vom ake kiwon ƙudan, a haska mazan da wani haske mai kashe ƙwayar haihuwa, sa'an nan a sake su a bakin rafuka. Macen da ta sadu da irin wannan namiji ba ta haihuwa. Kafin ƙarshen shekarun 1980 an kawar da jinsin ƙudan da aka nufa daga fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,500. Da aikin ya tsaya, ƙudan ya komo daga maƙwabta. Masana na duniya suna karanta wannan labari, jikokin waɗanda aka yi aikin a gabansu kuwa kaɗan ne suka ji shi.

Ga inda haɗarin yake. Makiyayi ya ga saniyarsa tana ramewa, sai ya tafi kasuwa ya sayo Berenil ko Samorin, wani lokaci ma jabu, ya raba allurar saniya ɗaya ga shanu uku don tsimi. Cutar ba ta mutu ba, ta dai saba da maganin, gobe ko an ba da cikakke ba zai yi aiki ba. Shafi guda cikin Hausa ko Fillanci ya isa ya hana wannan asara.

Annobar bushiya ta hallaka shanu masu ɗimbin yawa a ƙasar nan a 1983, amma a 2011 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya, saboda allurar rigakafi ta isa har ruga. Haka ya kamata littafi ya isa. Ya kyautu masana na Vom da Shika su tsamo abin da ya fi muhimmanci, a buga shi da boko da ajami, a karanta a rediyo, a raba a makarantun 'ya'yan makiyaya. Allah Ya sa masu iko su ji.