Eka Takwas, Haihuwa Bakwai

Idan aka tambayi Inna shekarar da aka yi mata aure, ba ta ambaton lamba. Cewa take ana azumi aka kashe Sardauna, bayan Sallah kuma aka kai ta ɗaki. Wato 1966 ke nan. Gidan da aka kai ta yana wani ƙaramin gari tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ƙasar auduga da dawa. Mijin nata, wanda har ya koma ga Allah ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Malam, yana da gona eka takwas da ya gada, da jaki ɗaya.

Babu takardar haihuwa ko ɗaya a gidan, duk tarihin zuriyar yana kan Inna, kuma da manyan abubuwan da suka faru a ƙasa take lissafa shi. Ɗan farinta, wanda kunya ba ta barinta ta faɗi sunansa, ana tsakiyar yaƙin basasa aka haife shi. Na biyu ya zo shekarar da aka gama yaƙin, 1970. Ta uku mace ce, ta zo shekarar da motoci suka koma hannun dama, 1972, ƙyanda ta ɗauke ta bayan babban farin 1973, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Na huɗu bai kai ranar suna ba. Shi ya sa wadda aka haifa shekarar da aka kashe Murtala, 1976, aka yi mata laƙabin da ake yi wa irinta, Ajuji, don ko mutuwa ta raina ta ta ƙyale ta. Ta kuwa ƙyale ta. An sake rasa ɗaya, sannan Auta ya zo a 1984, shekarar da Buhari ya canza launin kuɗi.

A tsarin gandu gidan ya rayu. Wanda ya tashi a birni yakan ɗauka gandu sunan babbar gona ne kawai, alhali yarjejeniya ce tsakanin uba da ɗa, ko da yake ba a rubuta ta. Ɗa zai yi wa uba noma, uba kuma ya ciyar da shi da iyalinsa, ya yi masa aure, ya biya masa haraji, ya yanka masa gayauna da zai noma wa kansa da yamma. Ladan ɗan na ƙarshe shi ne gonar za ta dawo hannunsa da na ƙannensa, su ci gaba tare. Tsarin yana tsayuwa ne muddin 'ya'yan duka suna gona.

Abin da ya fara girgiza shi a gidan Malam shi ne makarantar UPE ta 1976. Mai unguwa ya zo neman yara, Malam ya duba ya ga babban ya riga ya iya riƙe fartanya, sai ya ba da na biyu. Ba wani dogon tunani aka yi ba, amma hukuncin wannan safiya shi ya raba rayuwar 'yan'uwan biyu har yau. Na biyun ya gama firamare, ya taɓa sakandare, ya tafi Kaduna ya sami aiki a wata masaƙa a Kakuri, inda watakila audugar ubansa ce ke ratsawa ta hannunsa. A 2007 aka rufe masaƙar. Bai dawo gida ba, domin wanda ya saba zuwa Sallah da atamfa a jaka, dawowa hannu biyu tana yi masa nauyi. Yanzu gadi yake yi.

Ajuji ta yi aure a garin da ke maƙwabtaka. Auta shi ne ya ci moriyar kowa. Lokacin da ya shiga jami'a a Zariya, Malam ya fara tsufa, saboda haka masara da waken soya da babban yaya ya noma su suka biya kuɗin rajista shekara huɗu. Har bijimin huɗa an taɓa sayarwa. Yau Auta ma'aikaci ne a Abuja, yana aiko da kuɗin magani da na taki, kuma ba ya fashi.

Malam ya rasu a 2021. Bayan sadakar arba'in liman ya zauna rabon gado, lissafin kuma bai yi wuya ba. Inna tana da tumuni, eka ɗaya. Sauran bakwai aka kasa: kowane namiji biyu, Ajuji ɗaya. Babu wanda ya yi jayayya, domin hukuncin Allah ne. Sai dai babban yaya, wanda ya ba gonar nan fiye da shekara arba'in, ga mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, ya tashi da daidai abin da Auta ya samu. Rabon gado yana duba abin da mamaci ya bari, ba ya duba gumin da aka zuba a ciki. Gandu ne ya kamata ya biya wannan bashin, shi kuwa gandu tare da Malam aka binne shi.

Auta ya gane haka. Ya ce, "Yaya, ka ci gaba da noma nawa, ban saka maka komai ba." Amma aro ne, kuma yayan ya san 'ya'yan Auta za su girma. Ajuji ta ba mijinta nata. Na Kaduna kuwa sayarwa yake so ya yi, don ya sayi Keke Napep ya bar gadi, kuma wani ɗan kasuwa daga Funtuwa ya riga ya taya. Ba a ga laifinsa ba. Kasonsa ne dai ya faɗo tsakiyar gonar, inda tsohuwar ɗorawa take.

Yayan ya roƙi a jira shi zuwa kaka, ko ya haɗa kuɗin ya saya da kansa. An jira kaka biyu, farashin taki ya cinye abin da ya tara. Da maganar ta zo gaban Inna, ba ta ce a sayar ba, ba ta ce a bari ba. Ta ce dai duk wanda ya saya a gaya masa kada ya sare ɗorawar, domin a gindinta ta saba kwantar da yarinyar nan ta shekarar canjin hannu idan ta kai wa Malam abinci gona.