Buhu na Huɗu

Daminar 1987 ce, shekarar da aka cire Katsina daga Jihar Kaduna. Ina sakandare lokacin, kuma a ƙauyenmu da ke gefen Bakori ni ne nake riƙe wa Baba littafin lissafin gona.

A yankinmu masara ba tsohuwar abar gandu ba ce. A bayan gida ake shuka ta, yara su gasa su ci. Sai da shirin bunƙasa noma na Funtua ya zo a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ya kawo sabon iri da takin zamani mai rahusa, sannan ta fito fili ta ture dawa da auduga a gonaki da dama. Masara kuwa ba ta da kawaici, in ba ta ci taki ba, ba ta goyo. To, bayan da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 aka karya darajar naira, komai ya fara tsada. A waccan daminar buhu huɗu na kamfa kaɗai Baba ya iya haɗawa, shi ma sai da aka sayar da ɗan akuya.

Gonaki biyu gare mu. Ta bakin gari tana shan takin gida da toka duk rani, ita ce mai cika rumbu. Ta daji kuwa jigawa ce mai nisa, ba ta taɓa wuce buhu uku ba. Baba ya ce a zuba buhu uku na takin a bakin gari, na huɗun a ɗora wa jaki a kai daji.

Na buɗe littafina. Na ce, "Baba, bara kowane buhun taki da muka zuba a bakin gari ya tashi da buhu biyar na masara. Me zai sa mu kai wannan inda ƙasa ba ta da kirki?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Kai yaro, ka raba abin da gona ta bayar duka ne a kan buhunan. Ni ba wannan nake tambaya ba. Wannan buhun da ke gabanmu, shi kaɗai, me zai ƙaro mini a nan, me zai ƙaro mini a can?" Sai ya kawo misalin tuwo. Mai jin yunwa, malmalar farko rai take maido masa, ta biyu ta ƙosar da shi, ta huɗu kuwa gara a miƙa wa wanda bai ci komai ba.

Abin da ya yi daga nan shi ne ya fi zama a raina. Bai ce in yi shiru don shi ne babba ba. Ya ɗebi tiya ɗaya daga buhun, ya ce in ƙara wa kunya goma a bakin gari, in kafa kara a yi musu alama. Kunyoyin nan sun yi kore shar, sun fi na kusa da su tsawo, har nakan tsaya ina kallonsu da yamma ina jin daɗi. Da kaka ta yi muka sussuka su daban, muka auna da wasu goma na gefensu. Bambancin tiya biyu ne kacal. Na zauna na buga lissafi da kaina: buhun taki kusan tiya 20 ne, ke nan da mun juye shi duka a nan da tiya 40 zai ƙaro, buhun masara guda. Gonar daji kuwa ta tashi daga uku ta koma biyar.

Shekaru kaɗan bayan haka, a ajin tattalin arziki a jami'a, malami ya zana layi a allo, ya hau, ya lanƙwasa, ya kwanta. Ya ce wannan tunani, na duba abin da ƙari ɗaya yake kawowa, shi ya sauya fannin gaba ɗaya: William Stanley Jevons a Ingila da Carl Menger a Ostiriya sun wallafa shi a 1871, Léon Walras kuma a Siwizalan a 1874, kowa da kansa. Da shi aka warware tambayar da Adam Smith ya tayar a 1776, ta dalilin da ya sa ruwa da ake rayuwa da shi yake araha, lu'ulu'u kuwa yake tsada. Farashi ba ya bin amfanin ruwan duniya duka, yana bin amfanin tulu guda da za a ƙara wa mai randa cike. 'Yan ajinmu suna ta kwafa, ni kuwa kunya goma nake gani. Ni dai lissafin ƙari nake kiransa har yau.

Daga baya na lura da shi Baba yake yanke kusan komai: ko a ɗauki ɗan ƙwadago na biyar ranar huɗa, ko a sake bin gona da fartanya bayan maimai. Amma akwai inda ba ya kai shi. Zakka, kashi ɗaya cikin goma, a bakin masussuka yake fitar da ita kafin a soma kowane lissafi, kuma ban taɓa jin ya tambayi me kwanon baƙo zai ƙaro masa ba.

Abin da ke damuna yanzu shi ne matasan da nake gani suna cin bashi su labta wa gona guda taki, don an ce musu kadada tana cin buhu kaza, ko don maƙwabci ya zuba haka. Ganye ya yi kyau, kaka ta zo, kuɗin buhunan ƙarshe bai fito ba. Adadin da malaman gona suke bayarwa jagora ne, amma ba su san abin da ƙasarka ta riga ta ci ba.

Ɗan'uwa manomi, daminar bana ka ware kunya goma, ka kafa musu kara, ka auna su daban ranar sussuka kafin ka sake cin bashin buhu na gaba.