Ɗigon da ya hana ni barci

Zamanin Windows XP ina buga takardu a wani shagon kwamfuta da ke bakin ƙofar wata jami'a a Kano. Kwamfuta ɗaya tal gare mu, kowane ɗalibi kuwa in ya zo sai ya buɗe folda ya cusa furojet ɗinsa, folda cikin folda, kamar gidan gado da aka yi ta ƙara wa ɗakuna ba tsari. Ran nan wata ɗaliba ta zo ido jawur, babi na huɗu ya ɓace, sunan da ta sa masa ma ta manta.

Maigidana ya dube ni ya ce, "Kai da ka ishe mu da karatun C, yau ga ranarka."

Ɗan karen nan na XP mai taya neman fayil zai iya aikin, amma ƙuruciya ta ce sai na rubuta nawa shirin. Dabarar ba wuya. Da findfirst da findnext na Turbo C shirin zai karanta abin da ke cikin folda. In fayil ne mai .doc ya nuna sunansa, in folda ce ya shiga, ya sake kiran kansa a can. Na kunna. Suna ɗaya ya yi ta zuba a allo kamar ruwan Agusta, har shirin ya cinye wurin ajiyarsa ya sandare.

Dare ya raba kafin na gane. Kowace ƙaramar folda tana da ƙofofi biyu a farkon jerinta: ɗigo ɗaya, wato ɗakin da kake ciki, da ɗigo biyu, ɗakin da ka fito. Shirina yana ganin ɗigon farko ya ɗauka sabon ɗaki ne, ya yi sallama ya shiga, ya tarar da kansa a zauren da ya baro, ya sake shiga. Layi guda na ƙara, na ce ya tsallake su.

Daga baya na san os.walk na Python, wanda ke nan tun 2003, yana miƙo maka hanya da foldoci da fayiloli ba tare da ɗigon ba. Na ji haushi, na kuma ji daɗi.

Babin dai mun same shi washegari da hantsi, can ƙarƙashin foldoci bakwai, a cikin aikin wani ɗalibi, da sunan Doc1.