Ina Kake Ran da Yaƙi Ya Ƙare?

Littattafan tarihi sun ce Yaƙin Basasar Nijeriya ya ƙare ran Alhamis, 15 ga Janairu, 1970. A ranar ce Philip Effiong, wanda Ojukwu ya bar wa ragamar Biyafara sa'ad da ya tashi zuwa Kwaddebuwa, ya zo Barikin Dodan a Legas ya miƙa wuya a gaban Manjo Janar Yakubu Gowon. Wata talatin aka yi ana wuta, tun daga 6 ga Yuli, 1967. Amma idan aka tambayi tsofaffin sojan da suka yi yaƙin da hannunsu, ba rana ɗaya za su faɗa ba. Wani ya ce 12 ga wata, wani ya ce 15, wani kuma ya ce shi dai sai da aka kwana uku kafin labari ya kai ramin da yake. Kowa yana da tasa ranar, kowa kuma yana riƙe da ita kamar gādo.

Kafin yaƙin, sojan Nijeriya duka ba su fi wajen dubu 10 ba. Sa'ad da aka gama, sun kusa dubu 250. Da yawa cikin waɗanda suka cika wannan lissafi samari ne daga ƙauyukan Filato, da kudancin Zazzau, da Binuwai, da Adamawa, da ƙasar Zuru. Waɗansu daga aji aka fito, waɗansu daga gona. Harsunansu dabam dabam ne, amma Hausa ce ta haɗa su a bariki, da ita aka yi musu tsawa a fareti, da ita kuma suka yi addu'a da dare. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967, yau ya doshi 80. Sauran kaɗan ne suka rage, kowace shekara kuwa sai an rasa waɗansu.

A wani gari da ke kan hanyar jirgin ƙasa a arewacin Nijeriya, akwai biyar daga cikin irin waɗannan dattawa da suka daɗe suna majami'a ɗaya. Sun san labarin juna sarai, har kowa yana iya ƙarasa wa ɗan'uwansa magana. Duk da haka, kowace shekara idan hunturu ya kama, Janairu ta kai tsakiya, sai sun sāke tambayar juna inda kowa yake a ranar.

Na farkon mai kula da rediyon oba-oba ne a Runduna ta Ɗaya, wajen Okigwe. Shi yakan ce babu wata 15 ga wata, a wurinsa yaƙi ya ƙare ran Litinin, 12 ga Janairu, da yamma. Yana zaune gindin wata bishiyar kwakwar manja, yana murɗa ƙaramin rediyon hafsansa, sai ya ji muryar Effiong da Turanci yana umartar sojojinsa su daina yaƙi. Bai gaskata kunnensa ba. Sau da yawa an sha yaɗa jita-jitar sulhu. A Yulin 1968 ma, sa'ad da aka zauna a Yamai, inda Shugaba Diori Hamani ya karɓi baƙuncin ɓangarorin biyu, sun sa rai za a koma gida kafin kaka, amma aka ƙara shekara ɗaya da rabi. Saboda haka ya yi shiru, ya riƙe labarin shi kaɗai har ƙarshen jawabin, sa'an nan ya tashi ya je ya tā da hafsan daga barci. Abin da ya fi tunawa shi ne, da dare ya yi, babu ƙarar bindiga ko ɗaya, sai kukan kwaɗi. Ya ce shirun nan ya hana shi barci fiye da yadda igwa ta taɓa hana shi.

Na biyun bai ji jawabin nan ba sam, gama yana kwance a asibitin soja a Arewa. Nakiyar nan da mutanen Biyafara suka ƙera da kansu, wadda suke kira ogbunigwe, ita ta raba shi da ƙafar hagu a ƙarshen 1969. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani saja Musulmi, mutumin ƙasar Katsina, wanda harsashi ya shiga cikinsa. Wata guda suka yi tare. Idan sajan zai yi salla a kwance, shi yake nuna masa gabas, shi kuma idan ciwo ya tsananta masa da tsakar dare, sajan ne yake ba shi labarin kasuwar garinsu har ya samu barci. Sajan ya rasu kwana biyu kafin a sanar da ƙarshen yaƙi. Ran 15 ga wata, da ma'aikatan jinya suka shigo suna guɗa, suna cewa an gama, shi gadon nan da aka shimfiɗa wa sabon zane yake duba. Har yau idan aka tambaye shi inda yake a ranar, ba ya cewa asibiti. Cewa yake, yana kusa da gadon da babu kowa.

Na ukun direban babbar mota ne a Runduna ta Uku, wadda Kanar Olusegun Obasanjo ya karɓa daga hannun Benjamin Adekunle a 1969. Yana cikin waɗanda suka shiga ƙasar Owerri a kwanakin ƙarshe. Aikinsa jigilar harsashi ne, amma a makon nan aka sauke harsashin, aka loda masa garin rogo, da shinkafa, da busasshen kifi. Shi ne ya ga mutane suna fitowa daga kurmi, mata da tsofaffi da yara. Kafin wannan rana ya ji sunan kwashoko a bakin mutane, amma bai taɓa ganin ta da idonsa haka ba: yara masu kumburarren ciki, gashi ya yi ja, ƙafafu kamar sillen kara, ko kuka ba su da ƙarfin yi. An hana abinci shiga yankin ta ƙasa da ta teku. Abin da ya riƙe ran waɗansu shi ne jiragen agaji na ikkilisiyoyi, waɗanda suke tasowa daga tsibirin Sao Tome da dare, su sauka a Uli, a kan titin mota da aka mai da filin jirgi. Masu lissafi sun bambanta a kan yawan waɗanda suka mutu, amma mafi yawansu suna sa shi a miliyan ɗaya ko fiye, kuma yunwa ta kashe fiye da waɗanda bindiga ta kashe.

Direban ya tsaya a wani ƙauye domin ya zuba wa mota ruwa. Can gefen hanya akwai wani ɗakin sujada da rufinsa ya ƙone, daga ciki kuwa yana jin mata suna waƙa. Kalmomin bai san su ba, na Ibo ne, amma muryar waƙar ya san ta, gama ita ce mahaifiyarsa takan rera da Hausa tana daka. Ya tsaya a bakin ƙofa da kakinsa. Da suka gan shi, waƙar ta yanke, mata suka jawo 'ya'yansu. Bai san abin da zai ce ba, sai ya tuɓe hularsa ya ci gaba da waƙar daga inda suka tsaya, da nasa harshen. Bayan ɗan lokaci wata tsohuwa ta kama, saura suka bi. Ya sauke musu buhu biyu, ya ja motarsa ya tafi. Yakan ce wata talatin ya yi yana sane cewa waɗanda ke ƙetaren can masu bi ne kamarsa, amma sai a ranar nan sanin ya sauko daga kansa zuwa ƙirjinsa. Ya kuma ce buhu biyu ba su biya harsashin da ya yi ta kaiwa ba, shi ma ya sani.

Na huɗun yana cikin jirgin ƙasa tsakanin Makurdi da Kafanchan. An ba shi hutun kwana bakwai domin ya kai wa mahaifiyarsa akwatin ƙarfe na ƙanensa, wanda ya fāɗi a wajen Umuahia. A wata tasha ya ga mutane suna rawa, 'yan talla suna ba soja lemo kyauta, ana ta ɗaga masa hannu. Ya isa ƙauye washegari, ana sussukar dawa. Labarin ƙarshen yaƙi ya riga shi zuwa, mahaifiyarsa kuwa da ta hango kaki daga nesa sai ta yar da matankaɗi ta sheƙo da gudu tana kiran sunayen su biyu. Daga nan labarinsa yakan tsaya. Abokansa sun san haka, ba wanda yake matsa masa.

Na biyar ɗin shi ne wanda baƙo ba zai zata ba. Ɗan kabilar Ibo ne, an haife shi a Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. A kashe-kashen 1966 iyayensa suka gudu da shi zuwa Gabas, suka bar kanti da gida, suka bar kawunsa da ba a ga gawarsa ba. Ya shiga sojan Biyafara yana ɗan shekara 17. Ran 12 ga Janairu yana cikin daji wajen Orlu, shi da samari shida, kwana biyu ba su ci kome ba. An daɗe ana gaya musu cewa ran da sojan tarayya suka ci nasara, ba za a bar namiji ko ɗaya da rai ba. Ba su ɗauki wannan wasa ba, domin sun ji abin da ya faru a Asaba a Oktoban 1967, inda aka tara maza farar hula aka harbe su. Saboda haka ya ɓalle alamar rana mai fitowa daga hannun rigarsa, ya binne ta tare da bindigarsa, ya fito bakin hanya yana jiran mutuwa. Sojan farko da ya gamu da shi ya daka masa tsawa da Hausa, shi kuma, don tsoro, bakinsa ya amsa da Hausa. Sojan ya sauke bindiga ya ce, “Kai ɗan ina ne?” Da ya faɗi sunan unguwarsu, sai sojan ya ce ai a bayan kasuwar nan yayarsa take aure. Ya ciro burodi daga jakarsa ya ba shi.

Gowon, ɗan mai bishara ne da ya tashi a Wusasa, yana da shekara 35 a lokacin. Ya shelanta cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ya kuma yi alkawarin sulhu, da sāke gini, da farfaɗo da waɗanda yaƙi ya tagayyara. Kisan kiyashin da aka ji tsoro bai auku ba, wannan kuwa abin godiya ne ga Allah. Amma dattijon nan Ibo yakan tuna wa abokansa, ba da faɗa ba, cewa mahaifinsa, wanda ya yi ajiya a banki, fam 20 kaɗai aka ba shi ya fara sabuwar rayuwa, kamar yadda aka yi wa mutane da yawa na yankin. Mai ƙafa ɗaya shi ma yakan ce ya san ciwon alkawari, gama ya yi shekaru yana hawa da sauka a ofisoshi da sandarsa kafin kuɗin fansho ya fito. A nan sukan yi dariya tare, irin dariyar da ba ta kai ciki.

Manyan da suka ja yaƙin yawancinsu sun shuɗe. Effiong ya rasu a 2003. Ojukwu, wanda Shugaba Shehu Shagari ya yafe wa ya komo gida a 1982, ya rasu a 2011. Gwamnati ta mai da 15 ga Janairu ranar tunawa da sojan da suka kwanta dama, ana ajiye furanni, ana sakin tattabaru. Amma abin da dattawan nan biyar suke ɗauke da shi ba ya shiga jawabin fareti. Ba wanda ya ce ya tuna da tuta ko nasara. Shiru suka tuna, da gadon da babu kowa, da waƙa, da akwatin ƙarfe, da burodi.

Abin da ya fi damunsu yanzu shi ne yadda suke jin jikokinsu suna maganar yaƙi. Idan rikici ya tashi a gari, ko aka ƙone majami'a, ko aka kashe mutane a gona, sai a ji matasa suna cewa gara a yi ta ta ƙare, kowa ya kama gabansa. Dattawan ba su raina zafin da ke sa yaro ya faɗi haka ba, su ma sun binne nasu. Direban nan ya taɓa kiran wani saurayi bayan sujada ya ce masa, “Ɗana, zauna in gaya maka. Mu ma haka muka ce a 1967. An ce mana mako kaɗan za a yi.” Ya ba shi labarin yaran da suka fito daga kurmi, tun daga fari har ƙarshe, bai rage kome ba. Saurayin bai ce ya yarda ba, amma bai sāke yin maganar a gabansa ba.

Mai ƙafa ɗayan ya riga sauran tafiya gida. Ran jana'izarsa, cikin waɗanda suka kama akwatin akwai dattijon nan Ibo, wanda watakila shi ko wani abokinsa ne ya binne nakiyar. Su biyu sun taɓa zancen haka tun da daɗewa, suka kuma bar shi a hannun Mai shari'ar gaskiya. Saura huɗu ke nan. Duk ikkilisiyar da take da irin waɗannan tsofaffi, a Nijeriya ko a Nijar ko a Kamaru, ya kamata ta sa 'ya'yanta su zauna a gabansu tun suna da sauran numfashi, su yi musu tambayar nan, su kuma yi haƙuri su ji amsar har ƙarshenta.